Dutsen Kantar Kicin da Dokokin Jihohi: Abin da Ya Faru a Ostireliya da Kalifoniya



Shirin yau zai leƙa kasuwar kayan gini ne, amma ta ƙasa mai nisa. Ranar 1 ga watan Yuli, 2024, dillalan kayan gini a Ostireliya suka wayi gari da wata haja a ɗakunan ajiyarsu, wadda jiya-jiya ita ce mai kawo ciniki, yau kuma sayar da ita ya zama laifi. Hajar ba ƙwaya ba ce, ba makami ba. Falalen dutse ne mai sheƙi da ake shimfiɗawa a kan kantar kicin da ta banɗaki, irin wanda uwargida kan yanka albasa a kai ta goge da tsumma ya koma fes. Ostireliya ce ƙasa ta farko a duniya da ta haramta shi, kuma haramcin ya bi ta dokokin jihohi ne, kowace jiha da irin takunta.

Wannan dutse ba a haƙo shi daga ƙasa yadda yake. Haɗa shi ake yi a masana'anta. Ana niƙa farin dutsen nan mai ƙyalli da ake kira kwaz har ya zama tsaki da gari, a kwaɓa shi da danƙon roba da launi, a matse a cikin inji, a gasa, ya fito falle-falle. Kamfanin Breton na ƙasar Italiya, wanda Marcello Toncelli ya kafa a 1963, shi ya ƙirƙiro injinan wannan aiki. Kamfanin Caesarstone na Isra'ila ya fara aiki a 1987, kamfanin Cosentino na Sifen kuma ya fito da nasa samfurin mai suna Silestone a 1990. Daga baya masana'antun Sin da Indiya da Turkiyya da Biyetnam suka shigo, farashi ya sauka, dutsen ya cika gidaje.

Dalilin karɓuwarsa a fili yake. Ba ya shan mai ko ruwan tumatir kamar mabul, launinsa iri ɗaya ne daga wannan falle zuwa wancan, kuma sau da yawa ya fi dutsen asali araha. Magini yana so, mai gida yana so, mai shago yana samun riba.

Matsalar tana cikin garin da aka kwaɓa. Sinadarin silika, wanda shi ne jigon yashi da kwaz, kaɗan ne ƙwarai a cikin mabul. A dutsen giranayit yawanci bai kai rabi ba. A haɗaɗɗen dutse kuwa yakan haura kashi 90 cikin 100. Muddin falalen na zaune a kicin, babu wanda zai cutar. Amma kafin ya isa kicin sai wani ya yanka shi daidai awo, ya huda gurbin wurin wanke-wanke, ya goge gefe da giranda. Idan a bushe aka yi wannan aiki, ƙura takan turnuƙe shagon kamar hazon hunturu, kuma wadda ta fi illa ita ce wadda ido ba ya gani. Takan wuce hanci da maƙogwaro ta sauka can ƙasan huhu. Jiki ya yi ta ƙoƙarin fitar da ita ya kasa, wurin ya zama tabo, tabo ya haɗu da tabo, huhu ya sandare. Wannan shi ne ciwon da likitoci ke kira silikosis. Ba shi da magani. Idan ya yi tsanani, sai tukunyar iska, sai kuma dashen huhu ga wanda ya samu.

Ciwon tsoho ne, masu haƙar ma'adinai da masu fasa dutse sun san shi tun zamanin da. Abin da ya tayar wa likitoci hankali shi ne sauri. A da, mutum kan shekara ashirin ko talatin a bakin aiki kafin ciwon ya bayyana. Masu yanka haɗaɗɗen dutse kuwa sai ga su a asibiti bayan 'yan shekaru, samari 'yan talatin da wani abu, masu ƙananan 'ya'ya. A 2012 likitocin Isra'ila suka ba da rahoton mutum 25 da aka tura sashen dashen huhu, dukkansu masu wannan sana'a. A lardin Kadis na kudancin Sifen aka gano gommai a ƙananan shaguna na iyali.

Ostireliya ta farka ne a watan Satumba na 2018, lokacin da gwamnatin jihar Kwinsland ta yi shelar gaggawa bayan ma'aikata 22 sun shigar da takardun neman diyya cikin 'yan makonni, shida daga cikinsu likitoci sun ce ciwon ya riga ya kai inda ba a dawowa. Jihar ta hana yankan bushe nan take, ta tura masu bincike shago-shago, ta buɗe gwajin huhu ga ma'aikatan.

A nan ya kamata mai sauraro ya san yadda ƙasar take. Ostireliya tarayya ce mai jihohi shida da manyan yankuna biyu, kuma kiyaye lafiyar ma'aikaci a wurin aiki hurumin jiha ne. Akwai wata hukuma ta ƙasa, Safe Work Australia, amma aikinta rubuta samfurin doka ne kawai. Sai jiha ta ɗauka ta mayar da shi dokarta kafin ya hau kan kowa. Jihar Biktoriya ma ba ta taɓa ɗaukar samfurin ba, tana tafiya da dokarta ta 2004.

Biktoriyar ce kuma ta fara taɓa aljihun dillali kai-tsaye. Bayan ta hana yankan bushe a 2019, sai ta kawo tsarin lasisi a watan Nuwamba na 2021, ta ba masu shago shekara guda su yi rajista. Daga Nuwamba na 2022, duk mai yanka wannan dutse sai da lasisi, kuma dillalin da ya sayar wa shagon da ba shi da lasisi shi ma ya karya doka. Wannan dabara ce mai kyau, domin ƙananan shaguna suna da yawa, suna ɓoye a lunguna, ma'aikatan bincike ba za su iya zagaye su duka ba. Manyan dillalai kuwa 'yan ƙalilan ne, kowa ya san ƙofarsu. Sai doka ta mayar da mai sayarwa mai gadin ƙofa. Abin da ya ƙaru a kansa shi ne duba takardar abokin ciniki da ajiye lissafin wanda ya saya, aikin da a da bai shafe shi ba.

An yi zaton hakan zai wadatar. A matakin ƙasa an rage yawan ƙurar silika da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa da rabi. Wani kwamitin ƙasa kan cututtukan ƙura ya ba da shawara a 2021 cewa a ba masana'antar wa'adi zuwa Yuli na 2024, in ba ta gyara ba a hana shigo da dutsen. Amma gwaje-gwajen da aka yi wa ma'aikata sun nuna kusan mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka daɗe a sana'ar yana ɗauke da ciwon. Masu bincike kuma suka yi ta tarar da shaguna na yankan bushe duk da doka. Ƙungiyar ma'aikatan gini ta CFMEU ta yi rantsuwar cewa idan gwamnatoci ba su hana ba, 'ya'yanta za su daina taɓa dutsen da kansu.

Kamfanonin sun kawo tasu hujjar, kuma ba hujjar banza ba ce. Suka ce laifin na mai yanka ne da bai bi ƙa'ida ba, kayan ba su yi komai ba. Suka ce a hana mai yawan silika, a bar wanda bai kai kashi 40 cikin 100 ba, a ƙarfafa lasisi. A watan Oktoba na 2023 hukumar Safe Work Australia ta fitar da rahotonta, ta ce babu hujjar kimiyya da ta nuna wani adadi da za a ce ƙasa da shi an tsira, kuma an gwada barin masana'antar ta gyara kanta ba ta gyara ba. Ta ce a hana duka.

Kasuwa ta riga gwamnati. A watan Nuwamba babban kantin kayan gini na ƙasar, Bunnings, ya ce zai janye dutsen daga kantunansa kafin ƙarshen shekara, kamfanin kayan ɗaki na IKEA ma ya bi sahu. Ranar 13 ga Disamba, 2023, ministocin ƙwadago na tarayya da jihohi suka zauna suka amince baki ɗaya.

Amincewa baki ɗaya ba ta zama doka iri ɗaya ba, kuma a nan ne ƙaramin ɗan kasuwa ya ji a jikinsa. Ƙungiyoyin magina sun yi kukan cewa akwai dubban gidajen da aka riga aka sa hannu a kwangilarsu, mai gida ya zaɓi launi, an biya kafin-alƙalami, an yi odar kaya. Jihohi irin su Niyu Sawus Wels da Ostireliya ta Kudu da ta Yamma suka saurara, suka ce duk kwangilar da aka ƙulla kafin ƙarshen 2023 a kammala ta zuwa 31 ga Disamba, 2024. Biktoriya da Kwinsland suka ce babu ɗaga ƙafa, ranar 1 ga Yuli ƙofa ta rufe. Saboda haka a watan Agusta na 2024, falle ɗaya, daga masana'anta ɗaya, ana iya ɗora shi a kicin a birnin Sidni na jihar Niyu Sawus Wels bisa tsohuwar kwangila, amma ɗora shi a Melbon ta jihar Biktoriya laifi ne. Dillalin da ke kai kaya jihohi uku sai da ya karanta dokoki uku.

Sai kuma batun ma'ana. Doka ta ce haramtaccen dutse shi ne wanda aka haɗa da danƙo ko wasu sinadarai ya taurara, kuma silikarsa ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyinsa. Wanda ya karanta wannan da gaggawa zai ce ai har bulo da kankare sun shiga. Dole aka jera abin da aka keɓe: siminti da kankare, bulo, tayil na ƙasa da na bango, tayil na rufi, filasta, da falalen tangaran da babu danƙo a cikinsa. Kantocin da ke gidajen mutane tuni ba a ce a fasa su ba. An yarda a gyara, a cire, a zubar, amma da ruwa ko injin zuƙe ƙura, da takunkumi na gaske.

Ko waɗanda aka keɓe ɗin ba su tsira gaba ɗaya ba. Daga 1 ga Satumba, 2024, aka tsaurara ƙa'idar yanka duk wani abu mai silika, har da kankare da tayil a wurin gini. Daga 1 ga Janairu, 2025, gwamnatin tarayya, wadda ita ke riƙe da kwastan, ta rufe tashoshin jiragen ruwa ga dutsen. Ƙasar ta taɓa bin wannan hanya: a ƙarshen 2003 ta haramta asbesto, wani kayan gini mai lalata huhu, bayan ya riga ya kashe dubban mutane, kuma tunawa da wancan jinkiri na cikin abin da ya sa ba a ja wannan karon da nisa ba.

Sana'ar ba ta mutu ba. Kamfanonin da suka yi ta cewa hanin zai durƙusar da kasuwa su ne suka fito da sabon falle da aka haɗa da niƙaƙƙen gilashi maimakon kwaz. Babban kamfani yana da ɗakin bincike da jarin sauya layi. Mai shagon da ke da yara huɗu da inji ɗaya, shi ne ya kwana da tsohon kaya a sito, ya sake koyon yankan tangaran mai saurin tsagewa, ya sake lallashin abokan ciniki.

A can Amurka, jihar Kalifoniya ta ɗauki wata hanya dabam. A 2019 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton mutum 18 a jihohi huɗu: Kalifoniya, Kolorado, Tekzas da Washinton. A watan Yuli na 2023 wani binciken likitoci ya bi diddigin ma'aikata 52 a Kalifoniya kaɗai. Goma sun riga sun rasu. Kusan dukkansu baƙi ne daga Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, da yawansu ba su da inshorar lafiya, kuma cibiyar abin ita ce kwarin San Fanando da ke arewacin birnin Los Anjalas, inda ƙananan shagunan ke jere. Kafin 2025 ta ƙare, waɗanda jihar ta tabbatar sun wuce 300 nesa ba kusa ba.

Kalifoniya na cikin jihohin da ke da hukumar kare ma'aikata tasu ta kansu, Cal/OSHA, wadda ke da ikon tsaurara doka fiye da ta tarayya. Lokacin da ma'aikatanta suka zagaya shagunan a 2019 da 2020, fiye da biyu bisa uku ba sa bin ƙa'idar da ke akwai. A watan Disamba na 2023, mako guda da matakin Ostireliya, jihar ta kafa dokar gaggawa, wadda ta zama ta dindindin a farkon 2025. Ba ta hana sayar da dutsen ba. Ta ce dole a yanka da ruwa yana kwarara a kan reza. Ta hana share ƙura da tsintsiya a bushe, ta hana hure ta da iskar kwamfuresa. Ta wajabta takunkumin da ke rufe fuska duka, mai batir da ke tura tatacciyar iska. Ta kuma ba mai bincike ikon tsayar da aiki a take idan ya ga yankan bushe da idonsa, ba sai an jira sakamakon awon iska ba.

Duk wannan kuɗi ne. Injin yanka mai ruwa, magudanar da za ta kwashe laka, takunkumi ga kowane yaro, gwajin huhu a asibiti. Shagon da ya bi doka farashinsa zai tashi, maƙwabcinsa da ke yanka a bayan gareji kuma zai karye farashi ya kwashe ciniki. Wannan shi ne raunin tsarin Kalifoniya. A 2024 wata 'yar majalisar jihar, Luz Rivas, ta kawo ƙudurin lasisi irin na Biktoriya, wanda zai hana dillali sayar wa marar takarda, amma aka janye shi kafin ya kai ga zama doka. A watan Oktoba na 2025 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da Sanata Caroline Menjivar ta gabatar, wadda ta sa hanin yankan bushe cikin kundin dokokin jiha, ta kuma ce daga Yuli na 2026 kowane mai shago ya riƙa kai shaidar cewa ya horar da ma'aikatansa.

Inda majalisa ta yi sassauci ga masu sayarwa, kotu ba ta yi ba. A watan Agusta na 2024 masu taya alƙali hukunci a Los Anjalas suka yanke diyyar sama da dala miliyan 52 ga wani ma'aikaci ɗan shekara 34 da aka yi wa dashen huhu biyu, suka ɗora wa kamfanonin da suka ƙera ko suka rarraba dutsen wani kaso na alhakin. Ɗaruruwan ƙararraki na bin baya. Dillalin da ke cewa shi dai sayarwa kawai ya yi, abin da aka yi da kaya bayan sun bar ƙofarsa ba ruwansa, wannan magana ta fara rasa daraja a gaban shari'a.

To ina wannan ya shafi mai shago a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja? Masana'antun da suka rasa kasuwar Ostireliya ba su rufe ba, kuma kaya kullum suna neman inda ƙofa take a buɗe. Haɗaɗɗen dutse ya riga ya shiga sababbin gidaje a manyan biranen Najeriya. Ko ba shi ba, duk wanda ya wuce ta gaban gini ya ga mai sa tayil a tsugune da giranda, ƙura ta mayar da gashin kansa fari, abin da ya tare hancinsa ƙyalle ne ko babu komai.

Tsarin dokar Najeriya ya bambanta. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar ƙwadago da lafiyar ma'aikaci a hannun tarayya, ƙarƙashin dokar masana'antu ta 1987 da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Shigo da kaya ma na tarayya ne, ta hannun kwastan da hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Amma jiha na da ikonta kan izinin gini da muhalli da kasuwanni, kuma an ga yadda take iya amfani da shi. A watan Janairu na 2024 gwamnatin Legas ta haramta mazubin abinci na soso, irin farin nan na tafi-da-gidanka, kusan dare ɗaya, sai da 'yan kasuwa suka yi kuka aka ba su mako uku su rabu da abin da ke hannunsu. Wanda ya zuba jarinsa duka a haja ɗaya ya san abin da mako uku ke nufi.

Akwai kuma wani haɗarin da ya fi shafar wannan yanki fiye da Ostireliya. Huhun da silika ta ci yana saurin kamuwa da tarin fuka, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da wannan tari ya fi yawa a duniya. Alamomin ma sukan yi kama: tari, haki, rama. A hoton ƙirji ana iya ɗaukar wannan a matsayin wancan, mutum ya sha magani wata shida bai ji sauƙi ba. Shi ya sa mai yankan tayil, da mai fasa dutse a kwari, da mai niƙan ma'adinai, idan ya je asibiti da tari, ya kamata ya faɗa wa likita sana'arsa da yawan shekarun da ya yi a cikinta tun kafin a tambaye shi.

Ga maigidan da ke da yara a ƙarƙashinsa, abin da dokokin Kwinsland da Biktoriya da Kalifoniya suka haɗu a kai tun farko shi ne mafi arha a cikin jerin: ruwa. Akwai injin yanka tayil mai bahon ruwa a ƙasa, ana samunsa a kasuwannin kayan gini, kuma shi ya dace da aikin, domin zuba ruwa a kan giranda ta hannu da ba a ƙera ta don haka ba na iya jawo jan wutar lantarki. Lakar da ta taru a kwashe ta tun tana da danshi, domin idan ta bushe iska za ta sake tayar da ita. Kayan aiki a cire su a wurin aiki, kada a kai ƙura ɗakin yara. Takunkumin ƙyalle na zamanin korona ba ya tare wannan ƙura, sai mai matata da ke manne wa fuska, kuma gemu mai kauri kan hana shi mannewa, abin da ya sa ga masu gemu ruwan ne babbar kariya.